Manyan bairos a kududdufan kuza na Jos: ta ina ake fara nemansu?

Ɗalibar_Naraguta ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina haɗa takardar aikin binciken digiri na biyu a fannin ƙananan halittu, kuma abin da nake son nema shi ne manyan bairos, dangin Mimivirus, a tsofaffin kududdufan haƙar kuza na wajejen Rayfield, Bukuru da Barkin Ladi. Tsarin da na rubuta shi ne in ɗebo ruwa lita ɗaya daga kowane kududdufi, in tace da matata mai ƙofa maikromita 0.22 (maikromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) don in raba shi da bakteriya, in ciro DNA daga ruwan da ya wuce, sannan in yi PCR, gwajin da ke ninka wani yanki na DNA don a gano shi. Shin hakan zai yi? Kuma ana iya wannan aiki ba tare da maikroskof na lantarki ba? Akwai kuma abin da ke ɗaure mini kai: daga ina suka samo wannan girma, har wasu ke cewa reshe na huɗu ne na rayuwa, baya ga manyan rassa uku da aka kasa halittu masu tantani? Sannan masu noman rani suna ban ruwa daga waɗannan kududdufai, yara kuma suna wanka a ciki, to akwai haɗari ga mutane? Na gode.

Malamin_Lab ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Batun ya yi kyau ƙwarai, amma ki goge layin matatar nan tun kafin takardar ta je gaban kwamiti. Idan kika tace da 0.22, abin da kike nema zai tsaya a saman matata, ke kuma ki tafi da ruwan da babu shi a ciki. Kamar mai tankaɗe ne da yake son tsaki amma ya kwashi garin ƙasa ya zubar da abin da ya rage a rariya. Wannan ne ma ya ɓoye su tsawon shekaru sama da ɗari. Tun aikin Ivanovsky na 1892 a kan cutar ganyen taba, ma'anar bairos a wurin masana ita ce abin da yake ratsa matatar da take tare bakteriya, saboda haka duk abin da ya maƙale ba a ko duba shi da sunan bairos.

A 1992 Timothy Rowbotham yana bin diddigin ciwon huhu a garin Bradford na Ingila, sai ya samo wani abu a cikin amiba, wata ƙaramar halitta mai tantani ɗaya da ke haɗiye bakteriya, daga ruwan hasumiyar sanyaya injina. Ya karɓi rinin Gram, ana ganinsa da maikroskof na yau da kullum, aka ɗauka bakteriya ce. Duk ƙoƙarin da aka yi a samo alamar 16S a jikinsa, wadda kowace bakteriya ke da ita, ya faskara. Sai a 2003 ƙungiyar Didier Raoult da Bernard La Scola a Marseille ta Faransa ta sa shi a maikroskof na lantarki ta ga kwanso mai fuska ashirin irin na bairos. Shi ne Mimivirus: faɗinsa da gashin da ke kewaye da shi kusan nanomita 750 (nanomita dubu ne maikromita ɗaya), kundin gadonsa kuma haruffan DNA miliyan 1.18. Ki kwatanta da bakteriyar Mycoplasma genitalium mai dubu 580 kacal. Daga baya aka sami Pandoravirus a 2013, tsawonsa maikromita 1, da Pithovirus a 2014, maikromita 1.5. Babu ɗayansu da zai wuce ƙofar 0.22. Ko Marseillevirus, wanda yake ƙarami a cikinsu da kusan nanomita 250, mafi yawansa zai maƙale.

PCR kai tsaye ma ba zai kai ki nesa ba, domin babu firaima guda, wato ɗan guntun DNA da PCR ke nemo abu da shi, da take kama duka dangin. Hanyar da ta samo kusan duk waɗanda aka riƙe a hannu ita ce a yi musu tarko da amiba.

Ki samo Acanthamoeba castellanii, irin da ake kira Neff, tsarkakakke wanda babu bakteriya a cikinsa. Ana kiwonta a ruwan PYG: furotiyos fefton giram 20, tsantsar yis giram 1, gulukos giram 18 a lita, da gishirorinsa, pH 6.5, a zafin 28 zuwa 30. Idan ta rufe gindin kwalba, ki bubbuga ta saki, ki wanke ta sau biyu da ruwan gishiri na Page, ki ƙirga, ki daidaita zuwa dubu 500 a kowace mililita. Ki zuba rabin mililita a kowane rami na faranti mai ramuka 24, ki ba ta kamar minti talatin ta kama ƙasa. Dalilin cire ta daga PYG shi ne ruwan yana da abinci sosai, bakteriyar kududdufi za ta cika ramin kafin gari ya waye.

Samfurin kuwa, kada ki tsaya ga ruwan sama mai haske. Ki ɗebi laka ta bakin gaɓa, da santsin da ke jikin duwatsu da tushen ciyawa, da ruwan inda shanu ke sha, don a nan amiba ke zama, kuma inda mai masauki yake nan baƙonsa yake. Ki rubuta pH da zafin kowane wuri. Ki girgiza lakar a ruwan Page, ki bari manyan ɓurɓushi su kwanta, idan dole sai kin tace to da mai ƙofa 5. Ki sa maikrolita 50 zuwa 100 a kowane rami, tare da magunguna: bankomaisin da imifenem kamar maikrogiram 10 a mililita, sifrofuloksasin da dokzisaikilin kamar 20, da maganin fumfuna. A kowane faranti ki bar aƙalla ramuka biyu da amiba da magani kawai, babu samfuri. Ba tare da su ba, ba za ki taɓa sanin ko magani ne ya kashe amibar ko bairos ba, musamman in kin yi amfani da amfoterisin, wanda yake cutar da ita in ya yi yawa.

Ki riƙa dubawa kullum da maikroskof mai hange daga ƙasa. Lafiyayyar amiba tana shimfiɗe, tana da 'yan ƙayoyi a gefe. Wadda ta kamu tana dunƙulewa, ta saki gindin faranti, daga nan ta fashe. Bayan kwana uku ko huɗu, ko kin ga canji ko ba ki gani ba, ki ɗebi kaɗan ki kai kan sabuwar amiba, har zagaye uku. Da yawa sai a zagaye na biyu ko na uku suke bayyana. Masu bincike a Burazil da Faransa suna ƙara wata dabara kafin wannan: su zuba samfurin a ruwan da aka dafa da 'yan ƙwayoyin shinkafa, su ajiye a duhu makonni uku zuwa huɗu, bakteriya ta ƙaru, amibar cikin samfurin ta ci ta ƙaru, bairos ɗinta ma ya ƙaru.

Game da maikroskof na lantarki, ba kya buƙatarsa a matakin farko. Da ruwan tabarau na mai, ninki dubu, Mimivirus yana fitowa ɗigo-ɗigo, Pandoravirus kuma mai siffar ƙwai. Idan kika rina amibar da Giemsa bayan awa shida zuwa takwas da kamuwa, za ki ga wani dunƙule a cikinta wanda ba cibiyarta ba, nan ne masana'antar da bairos ya kafa. Hoton lantarki sai a ƙarshe, kuma ana iya aika samfurin da aka daskarar da gulutaraldihaid inda suke da na'urar.

Likitan_Dabbobi_Bukuru ya amsa:

Malam ya gama magana a kan tarko. Ni zan taɓa batun haɗari, da kuma wani abu da ɗalibai kan manta: 'yan'uwan waɗannan bairos suna nan tare da mu a Filato tun tuni. Babban rukunin da Mimivirus yake ciki, wanda yanzu ake kira Nucleocytoviricota, shi ne ya ƙunshi bairos ɗin zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya ɓarke a Najeriya a 1997 kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom take gwajinsa, da dukan dangin agana: ƙyandar biri da ta sake ɓulla a ƙasar nan a 2017, ƙyandar kaji, da cutar ƙurajen fatar shanu. Su ne ƙananan gidan. Na zazzaɓin aladu haruffa dubu 170 zuwa 190 yake da su, na ƙyandar kaji kusan dubu 290. Iyer, Aravind da Koonin ne suka nuna a 2001 cewa tushensu ɗaya, tun kafin a gane Mimivirus.

Abin da ya kamata ya ja hankalinki shi ne Faustovirus, da aka bayyana a 2015 daga ruwan kwata na Marseille da Dakar. Ba ya kama Acanthamoeba, sai wata amiba mai suna Vermamoeba vermiformis, kuma a bishiyar dangi yana kusa da bairos ɗin aladun nan. Kaumoebavirus daga Saudiyya da Pacmanvirus daga Aljeriya su ma a wannan reshe suke. Saboda haka in kina da hali, ki kafa tarko biyu, ki haɗa da Vermamoeba. Samun ɗan wannan reshe a yankin da ake kiwon aladu zai fi amfani ga masu nazarin asalin cutar fiye da ƙarin Mimivirus guda a kan ɗaruruwan da aka riga aka tara.

Haɗari kuwa, kada ki rubuta abin da zai firgita manoma. An taɓa ciro wani ɗan dangin Mimivirus daga majinyacin huhu a Tunusiya, an kuma ga alamun garkuwa a jinin wasu marasa lafiya, amma gwajin jinin yana ruɗewa da wasu bakteriya, kuma manyan binciken da aka yi da PCR a kan masu ciwon huhu galibi ba su same shi ba. Har yau ba a tabbatar da shi a matsayin mai haddasa cuta ga mutum ko dabba ba. A kududdufin kuza abin tsoro na zahiri shi ne zurfinsa da nutsewar yara, da gurɓatar ruwan. A ɗakin gwaji kuma, amibar ce abin kiyayewa, domin Acanthamoeba tana cin baƙin ido, ciwo mai wuyar magani. Ki yi aiki a akwatin kariya na mataki na biyu, da safar hannu da tabarau, kada mai sa gilashin manne-ido ya taɓa wannan aiki da shi a idonsa. Tarkon kuma yana iya kamo Legionella, wadda ita kam tana sa ciwon huhu.

Mai_Lissafin_DNA_Abuja ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Malam, ina tare da kai a kan matata, amma ina da ja a kan dogaro da amiba kaɗai. Acanthamoeba ba ita ce ainihin mai masaukin yawancinsu ba, ita ce dai mai haɗiye duk abin da ta samu, shi ya sa take kamo Mimivirus da Marseillevirus a kai a kai. Da aka koma karanta DNA na muhalli kai tsaye, hoton ya canza baki ɗaya. A 2020 Frederik Schulz da abokan aikinsa sun haɗa kundin gado 2,074 na wannan rukuni daga samfuran duniya, mafi yawa ba su da ɗan'uwan da aka taɓa kiwo. A saman teku an ƙiyasta dubu 10 zuwa dubu 100 a kowace mililita, suna kama gansakuka da sauran halittu masu tantani ɗaya. Bairos ɗin da ke kama Emiliania huxleyi shi ke karya yaɗuwarta a teku, yaɗuwar da har daga tauraron ɗan'adam ake hango ta. Don haka shawarata, 'yar'uwa: ki yi amfani da matatar 0.22 ɗin, amma ki ajiye matatar ki zubar da ruwan. Ki fara tacewa da mai ƙofa 5, sannan 0.22, ki yanka takardar ki ciro DNA daga jikinta. Bayan an karanta an haɗa, ki riƙe gutsattsarin da suka haura haruffa dubu 10, ki bi su da manhajar ViralRecall ko GVClass, ki nemi alamomin gidan: babban furotin na kwanso, folimares na DNA rukunin B, injin cusa DNA mai suna A32, da VLTF3. Kada ki yanke hukunci da alama ɗaya, domin wasu gansakuka suna ɗauke da manyan gutsattsarin bairos a cikin nasu kundin.

Batun reshe na huɗu ya taso ne daga abin da aka gani a 2004. Bairos a al'ada ba ya da kayan haɗa furotin, na mai masauki yake ara. Sai ga Mimivirus da enzayim huɗu na ɗora amino asid, tubalin furotin, a kan tRNA, mai kai shi wurin haɗa furotin. Megavirus chilensis, daga gaɓar tekun Chile a 2011, yana da bakwai. Tupanvirus, da aka samo a 2018 a tafkin kanwa na Burazil da kuma ƙasan teku mai zurfin mita 3,000, yana da duka ashirin, da tRNA kusan 70, ga wutsiya doguwa da takan kai tsawonsa maikromita 2.3. Wanda ya ga haka zai iya cewa wata tsohuwar halitta ce mai cikakken tantani da ta yi ta zubar da kaya har ta koma bairos.

A ganina hujja ba ta goyi bayan wannan ba. Da gado ɗaya ne daga kaka ɗaya, da bishiyar kowane enzayim ta nuna wuri ɗaya. Yutin, Wolf da Koonin sun zana su a 2014, sai kowanne ya nuna wani wurin daban, yawanci daga halittun da bairos ɗin ke kamawa. Klosneuvirus, da aka haɗo a 2017 daga matatar ruwan kwata ta Klosterneuburg a Ostiriya, yana da 19 daga cikin 20, kuma su ma a lokuta daban-daban aka tsinto su. Sannan duk yawan kayan nan, babu wanda aka samu da raibosom, injin da tantani ke haɗa furotin da shi, babu kuma mai rabuwa gida biyu. Dole ya shiga tantani, ya kwance, a ƙera sababbi daga gutsattsari. Wannan shi ne bairos.

Girman kuma ba sau ɗaya ya faru ba. Pandoravirus salinus yana da haruffa kusan miliyan 2.5 da ƙwayoyin gado kusan 2,500, amma 'yan alamomin da ya rage da su suna haɗa shi da bairos ɗin gansakuka masu ƙaramin kundi, ba da Mimivirus ba, har babban furotin na kwanso ma ba shi da shi. Pithovirus ya fi shi jiki amma haruffa dubu 610 kawai ke ciki. Hanyoyin ƙaruwa uku ne: kwaso ƙwayoyin gado daga mai masauki da bakteriyar da amiba ta haɗiye tare da shi, kwafin nasa sau da yawa, da kuma, kamar yadda Jean-Michel Claverie da Chantal Abergel suka kawo a 2018 game da Pandoravirus, ƙirƙiro sababbi daga sassan DNA da a da ba sa fassara komai. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙwayoyin gadonsa ba su da makamanci a ko'ina lokacin da aka gano shi, kuma a nan ne tambayar take a buɗe har yanzu. Kundin yana raguwa ma: da aka yi ta maimaita Mimivirus sau 150 a cikin amiba marar bakteriya, ya sauko ƙasa da haruffa miliyan ɗaya, gashinsa ya zube.

Akwai dalili na zahiri da ke tura su ga girman jiki. Amiba tana haɗiye abu ɗaya-ɗaya ne idan ya kai kusan rabin maikromita. Wanda ya kai girman bakteriya an haɗiye shi ba sai ya nemi ƙofa ba. Marseillevirus da bai kai ba yakan fito a dunƙule, da yawa a cikin jaka ɗaya, ta haka ya cika ma'aunin. Masu ra'ayin cewa bairos irin wannan ya taka rawa wajen samuwar cibiyar tantani, kamar Masaharu Takemura da Philip Bell tun 2001, suna kafa hujja da Medusavirus na maɓuɓɓugar ruwan zafi a Japan, mai cikakken jerin histon, furotin ɗin da DNA ke naɗewa a kai a cibiyar tantani. Ki ambace shi a matsayin hasashe.

Malamin_Lab ya sake amsawa:

Hajiya, na karɓa, a yi duka biyun in kuɗi sun kai. Sai dai kundi a kwamfuta ba ya gaya miki wa yake kamawa, kuma ba za a yi gwaji da shi ba.

'Yar'uwa, ga inda aikin ke lalacewa. Na farko sanyin Jos. A Disamba da Janairu, idan wuta ta ɗauke da dare inkubeta ta huce, amiba takan shige ɓawonta mai bango biyu, kuma a wannan hali ba ta haɗiyar komai, bairos ba ya shiga. Yunwa mai tsawo a ruwan Page ma tana sa ta haka, shi ya sa ba a wuce kwana huɗu. Mai ɓawo tana da zagaye kamar mai ciwo, amma gefenta yana da kauri da lanƙwasa, kuma ba ta fashewa. Na biyu, fashewar amiba ba hujja ba ce. Ki shafa ruwan ramin a kan agar na jini da na BCYE, wato abincin kiwon bakteriya, ki yi PCR na 16S. Idan babu abin da ya tsiro, 16S bai fito ba, kuma ruwan yana ci gaba da kashe sabuwar amiba ko an sirka shi ninki dubu, to kin kama wani abu. Na uku, rami ɗaya yakan ƙunshi bairos iri biyu, mai sauri ya danne mai jinkiri. Ki sirka goma-goma a faranti mai ramuka 96, ki ɗauki rami na ƙarshe da ya fashe, ki maimaita sau uku kafin ki kai a karanta.

Kuma kada ki zubar da ruwan da ya wuce 0.22 daga ramin da ya kamu. A 2008 an samo wani ƙaramin bairos, Sputnik, tare da Mamavirus, ɗan'uwan Mimivirus, a wata hasumiyar sanyaya ruwa a Paris: nanomita 50, haruffa dubu 18, ba ya iya ƙaruwa sai a cikin masana'antar babban, kuma yana sa shi fitar da gurɓatattun kwanso. Mavirus, wani ƙaramin bairos irinsa, ya ma fi ban mamaki, yana shigewa kundin Cafeteria, wata halittar teku, ya kwanta, sai babban bairos ya kawo hari ya farka ya rage masa ƙarfi, maƙwabtan tantanin su tsira. Idan kika ga bairos ɗinki yana raguwa daga zagaye zuwa zagaye ba dalili, ki zargi irin wannan.

Ɗalibar_Naraguta ta rubuta:

Allah ya saka da alheri, malamai. Na cire tacewar, na ƙara Vermamoeba. Saura abu biyu: ba mu da firiza mai sanyin ƙasa da sifili 80 da za a dogara da ita, kuma yaya ake ciro DNA daga kwanso mai tauri haka?

Malamin_Lab ya amsa:

Amin. Firizar ba za ta hana ki aiki ba. Waɗannan suna da juriya, Pithovirus da Mollivirus daga daskararriyar ƙasar Saiberiya mai shekara 30,000 aka farfaɗo da su suka kama amiba. Tsarkakakken samfuri yana zama watanni a firij na digiri 4. Abin da ya fi ɓata shi shi ne daskarewa da narkewa a kai a kai, don haka ki raba shi ƙananan bututu, ki kai kwafi biyu wani ɗakin gwaji mai tsayayyiyar wuta. Amibar kuma ki ajiye ta a matsayin mai ɓawo, tana daɗewa a haka.

Wajen DNA, ki fara juya ruwan a santirifuj da ƙarfin 500 ×g na minti goma don tarkacen amiba ya kwanta, ki ɗebi na sama ki juya da 16,000 ×g na minti talatin, injin kan tebur ya isa. Ki wanke abin da ya kwanta, ki bi da shi ta kan ruwan sukuros, ki sa DNase don ta cinye DNA na amiba da ke waje, ki kashe ta da zafi. Sannan furotines K da SDS da DTT a digiri 56 na aƙalla awa biyu, in kit ɗin kasuwa ya ba ki kaɗan ki koma finol da kulorofom. Kada ki girgiza da ƙarfi in da Nanopore, na'urar karanta dogon zaren DNA, za a yi, zaren zai kakkarye. Ki haɗa da Illumina, wata na'urar karanta DNA, don gyara, domin kundin Mimivirus kusan kashi 72 cikin ɗari A da T ne, dogayen jerin harafi ɗaya kuma a nan karatu ke yawan zamewa.